Annoba da Ƙofar Asibiti: Abin da Ya Sami Masu Gazawar Zuciya a Ƙasar Dawakin Tofa a Shekarar 2020



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka yi mamaki, suka ce me ya haɗa malamin Hausa da maganar zuciya da huhu, alhali ga likitoci nan a gari. Suna da hujja, domin kuwa ni aikina nazarin harshe ne. Amma ku lura, kafin likita ya ɗora abin saurarensa a ƙirjin mutum, sai an yi magana tukuna. Majinyaci zai gaya wa iyalinsa abin da yake ji, iyali su gaya wa direba, mai gida ya gaya wa mai gadin asibiti, sa'an nan a kai ga malamar jinya. Wannan zango duka da Hausa ake yinsa, kuma a nan ne mutane da yawa suka rasa ransu a shekarar 2020.

Maƙasudin wannan lacca shi ne in nuna cewa annoba kisa biyu take yi: tana kashe wanda ta kama, tana kuma kashe wanda ta tare wa hanyar asibiti. Zan ɗauki cuta guda, watau gazawar zuciya mai tasowa farat ɗaya, da wuri guda, watau ƙasar Dawakin Tofa inda na fito, in gwada maganar a kansu.

Mece ce gazawar zuciya?

Bahaushe in ya ce wane yana da ciwon zuciya, sau da yawa baƙin ciki yake nufi, kamar a ce ɗansa ya sa masa ciwon zuciya. A rediyo kuma mukan ji an ce bugun zuciya ya kashe wane, wato jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe. Abin da nake magana a kai dabam ne, shi ya sa na zaɓi in kira shi gazawar zuciya.

Zuciya famfo ce. Tana karɓar jini daga huhu ta tura shi cikin jiki, ta karɓo na jiki ta mayar huhu. In ƙarfinta ya ragu, sai jini ya riƙa taruwa a baya kamar ruwan da aka datse wa magudana. Ruwan jikin sai ya tsattsafo cikin huhu, ya sauka ƙafafu, ya cika ciki. Alamunta sanannu ne: haki ko da tafiyar ba ta kai ta kawo ba, kumburin ƙafa wanda in an danna da yatsa sai ya lotsa, tari da dare, da kasa kwanciya rigingine, har mutum ya riƙa kwana a jingine da bango. Mutum yakan yi shekaru yana lallaɓawa da magani. Amma wata rana, saboda magani ya yanke, ko jini ya hau, ko zazzaɓi ya shiga, sai abin ya taso gaba ɗaya, huhu ya cika, mutum ya zama kamar wanda ke nutsewa alhali yana zaune a kan tabarmarsa.

Abin lura shi ne, taimakon farko ba mai tsada ba ne. A zaunar da majinyaci, a sa masa iskar oksijin, a yi masa allurar fitar da ruwa, wadda aka fi sani da Lasix, a sauko da jininsa in ya hau. Allurar nan takan fara aiki cikin rabin sa'a. Abin da ke da tsada a wannan ciwo shi ne lokaci, domin sa'o'i kaɗan ne tsakanin wanda za a sallama bayan mako guda da wanda za a yi wa sutura.

Su wa take kamawa a ƙasarmu?

A Turai cutar tsofaffi ce, 'yan shekara 70 zuwa sama. A nan ba haka ba ne. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya haɗa majinyata 1,006 daga ƙasashe 9 na Afirka, har da na Kano, ya nuna cewa matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne sanadi a wajen kashi 45 cikin ɗari. Watau magidanta ne masu noma da kasuwa, masu 'ya'ya a makaranta.

Akwai kuma kashi na biyu da ya shafe mu fiye da kusan kowace al'umma a duniya, wato gazawar zuciya ta masu jego. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Bayan shekara arba'in da ɗoriya, binciken da Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya tarar ciwon yana nan da yawa a arewa maso yamma, har akwai inda yake samun kusan mace 1 cikin masu haihuwa 100, sai dai ya fi jingina shi da talauci da rama da hawan jinin ciki fiye da al'adun jego. Ko wanne ne sanadin, abin da ya dame mu a nan shi ne, a kowane mako na shekara akwai yarinya mai jego a ƙauyukanmu da numfashi zai sarƙe mata, annoba ko ba annoba.

Afrilun 2020

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama annobar duniya. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da ita a Kano, ranar 16 ga wata Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa dokar kulle, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu. Azumi ya kama ranar 24 ga watan, a tsakiyar zafin bazara.

A cikin waɗannan kwanaki ne masu haƙa kabari suka fara cewa aikinsu ya yi yawa fiye da yadda suka saba. Aka rasa manyan mutane a jere, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Ayagi da Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila. Da farko Gwamnatin Jiha ta ce hawan jini ne da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ba da sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata. Ya ce mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye, kimanin 43 a kowace rana, alhali a da 11 aka saba; kashi 56 cikin ɗari a gida suka cika, kashi 38 a asibiti; kuma kashi 50 zuwa 60 mai yiwuwa korona ce ta kashe su ko ta tayar musu da tsohon ciwo.

To, mu yi lissafin ɗan kasuwa. In 11 aka saba cikin 43, kusan rubu'i ke nan na yau da kullum. In muka ɗora rabon korona a kai, sai mu ga saura kamar kashi 15 zuwa 25 da ba su shiga nan ba, ba su shiga can ba. Su wane ne waɗannan? Zatona, kuma ina ganin zato ne mai ƙarfi, da yawansu masu tsofaffin cututtuka ne da asibiti ya saba riƙewa, sai ya sake su a wannan wata. Sa'an nan ku lura da abu na biyu: ƙidayar nan a iyakar birni ta tsaya. Dawakin Tofa, mai mutum kusan 250,000 tun a ƙidayar 2006, wadda kasuwar hatsi ta Dawanau take cikinta, ba ta cikin takwas ɗin. Mamatanmu ba a ƙirga su ba.

Hanya daga Dawakin Tofa

Bari in ba ku labarin mutum guda, domin alƙaluma ba su da fuska. Ƙanen mahaifiyata ne, manomi, da rani kuma yakan sayi gero da wake ya kai Dawanau. Ya shekara shida yana shan maganin hawan jini, yana zuwa birni ganin likita duk bayan wata biyu. Ranar da zai koma ta faɗo cikin kulle. Kasuwa ta tsaya, kuɗi suka tsaya, magani ya ƙare. Daga baya an sassauta doka ranakun Litinin da Alhamis, amma zuciya ba ta san Litinin da Alhamis ba.

Na buga masa waya a makon farko na azumi, na ce, "Kawu, yaya jikin naku?" Ya ce, "Da sauƙi, ɗana, alhamdu lillahi." Na ji yana yanka maganar gida biyu yana hutawa a tsakiya, amma na karɓi "da sauƙi" ɗin nan na ajiye waya. Daga baya na ji cewa a lokacin ya kwana huɗu a zaune. Iyalinsa sun ga ƙafafun, sun ji hakin, amma suka yi shawara a tsakaninsu kada a ambaci numfashi a waje, don an ce duk wanda ya faɗi haka mota za ta zo ta ɗauke shi a killace, in ya mutu ko gawarsa ba za a bayar ba. Aka je kemis aka sayo maganin tari da na ciwon jiki, irin wanda likitoci ke hana mai ciwon zuciya sha domin yana riƙe ruwa.

A dare na biyar abin ya taso. Kafin a sami mai mota da zai yarda ya fita, a kuma wuce shingayen da ke kan hanyar Katsina, sa'o'i sun tafi. A asibitin farko, da mai gadi ya ji an ce numfashi, ko ƙofa bai buɗe ba. A na biyu aka ce sai an kawo takardar gwaji, alhali a wannan wata samun gwaji sai an sha wuya, sakamako kuma sai an yi kwanaki. Har ɗakin gwajin Kano ɗin kansa ya dakatar da aiki na wasu kwanaki a ƙarshen Afrilu. A na uku aka karɓe shi, wata malamar jinya ta danna ƙafarsa ta ce wannan ai ruwa ne. Aka yi allura, amma tukunyar oksijin guda ce kuma tana bakin wani. Ya cika bayan asuba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu da naku.

Ban kawo wannan labari don in zargi ma'aikatan lafiya ba. Da yawansu sun yi aiki ba kayan kariya, likitoci da ma'aikatan jinya da dama sun kamu a Kano, asibitocin kuɗi da yawa sun rufe don tsoro, wasu asibitocin gwamnati kuma, kamar na Giginyu, an mayar da su wurin jinyar korona. Wanda aka tura gaban wuta ba ruwa a hannunsa, in ya ja da baya ba a yi mamaki ba. Laifin na tsari ne: an shirya wa cuta guda, an manta cewa sauran cututtuka ba su tafi hutu ba.

Ba mu kaɗai ba

Kada a ce wannan rashin wayewar ƙauye ne. A Ingila, inda na yi karatu kuma asibiti kyauta ne, masu zuwa da toshewar jijiyar zuciya sun ragu da wajen kashi 40 cikin ɗari a ƙarshen Maris 2020. Likitocin asibitin King's College na London sun ba da rahoton cewa masu gazawar zuciya da ake kwantarwa sun ragu ƙwarai, waɗanda suka zo kuma sun zo a jigace fiye da na bara. Cutar ba ta ragu ba, mutane ne suka zauna a gida. Haka aka gani a Gini da Saliyo da Laberiya lokacin annobar Ebola a 2014, inda mata suka ƙaurace wa ɗakin haihuwa, masu zazzaɓi suka ƙaurace wa asibiti.

Akwai kuma ɓarnar jita-jita. A Maris 2020 aka yaɗa cewa wasu magungunan hawan jini suna buɗe wa korona ƙofa, mutane suka daina sha, har ƙungiyoyin likitocin zuciya suka fito suka ce a ci gaba, wani gwaji da aka yi a Barazil kuma ya nuna dainawar ba ta da amfani. A wannan watan ne kuma, bayan Shugaban Amurka ya yabi kulorakwin, aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha ya wuce kima, alhali magani ne mai iya rikita bugun zuciya. Bugu da ƙari, ita kanta korona tana raunana zuciya, don haka mai wannan ciwo yana tsakanin gara da zago: in ya je asibiti yana tsoron kamuwa, in ya zauna ruwa ya ci shi.

Sai dai mu Kanawa muna da ƙarin nauyi na tarihi. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Asibitin Zana, magana ta kai kotu, aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. A 2003 kuma aka dakatar da allurar shan inna saboda zargi. Mutumin da ya ji waɗannan a rediyo, in aka ce masa mota za ta zo ta ɗauki mai tari, ba zai tsaya neman hujja ba.

Rabon harshe

Yanzu na dawo gonata. Abu uku nake so ɗalibai su lura da su.

Na farko, annoba ta ƙwace kalma. Sanarwar da aka yi ta maimaitawa ita ce zazzaɓi, tari, sarƙewar numfashi. An fassara ta daidai, amma an bar ta ba 'yar rakiya. Sai kalmar numfashi ta zama mallakar korona ita kaɗai, mai asma da mai tarin fuka da mai gazawar zuciya da mai jego duk aka bar su ba su da kalmar da za su kai kuka da ita. Da an ƙara jimla guda, a ce wanda ke da hawan jini ko mai jego in ƙafa ta kumbura ya kasa kwanciya a garzaya da shi asibiti ko da cikin dare ne, da an tsirar da rayuka.

Na biyu, kalmomin da aka zaɓa. Kulle kalma ce mai nauyi a Hausa, tana ɗauke da ma'anar ba fita sam. Killacewa kuma ta fi kusa da abin da ake yi wa dabba ko fili. Wanda ya ji za a killace shi bai ji alƙawarin jinya a ciki ba. Da an ce za a keɓe shi a yi jinyarsa, iyalinsa kuma za su riƙa jin halin da yake ciki, da wani abu ne dabam.

Na uku, al'adar gaisuwarmu. "Da sauƙi" amsa ce ta ladabi da tawakkali, ba rahoton lafiya ba ce, kuma Bahaushe yakan faɗe ta ko yana kan gargara. Mai jegon fari kuwa kunya ba za ta bari ta ce wa surukarta ta kasa numfashi ba. Saboda haka tambayar "yaya jiki" ba ta isa ba. Sai a tambaya dalla-dalla: Kuna iya kwanciya rigingine? Matashi nawa kuke sawa? Takalminku yana shiga? Kuna kai wa masallaci ba ku tsaya ba? Da na yi wa kawuna ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi a waya, da na san abin da ake ciki kafin dare na biyar.

Abin yi

An ɗage kulle a Kano a farkon Yuli 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta janye dokar ta-ɓaci ranar 5 ga Mayu 2023. Amma annoba baƙuwa ce mai dawowa. Murar 1918 ta shigo ta tashar jirgin ruwa ta Legas ta biyo layin dogo har Kano, sanƙarau ya zo a 1996, mashaƙo ya addabi Kano a 2023. Tun ran gini ran zane, don haka ga shawarwarina ga ma'aikatan da ke zaune a nan.

Ɗaya, kowane asibiti ya kasance da ƙofa biyu a lokacin annoba, da wurin da za a fara taimakon mai numfashi kafin sakamakon gwaji ya fito. Hukuncin shiga ko komawa kada a bar shi a hannun mai gadi.

Biyu, asibitin ƙaramar hukuma irin na Dawakin Tofa ya sami oksijin da ba ya yankewa, da allurar fitar da ruwa, da ma'aikacin dare, domin taimakon sa'ar farko bai kamata ya jira hanyar birni ba.

Uku, in za a sa kulle, a fara ba masu hawan jini da ciwon zuciya maganin wata uku, a kuma ba su lambar wayar da za su kira. Katin asibiti ya zama takardar wucewa a kowane shinge, kuma a gaya wa masu tsaron shingen haka a rubuce.

Huɗu, a riƙa rubuta mace-mace a ƙauye. Dagatai da masu unguwanni da limamai sun san duk wanda aka binne. Littafi da alƙalami kawai suke bukata. Da ana yin haka, da ba sai masu haƙa kabari sun gaya wa gwamnati ana mutuwa ba.

Biyar, kowane kwamitin sanarwar lafiya ya zaunar da likita da masanin Hausa da ungozoma a tebur guda, a gwada saƙon a kan mutanen kasuwa kafin a kai shi rediyo.

Kammalawa

Jama'a, a ƙasarmu in wuta ta kama rumbu ɗaya, ba a kwashe duk ruwan gidan a bar jariri da ƙishirwa. A 2020 mun yi abin da ya yi kama da haka, mu da ƙasashen da suka fi mu dukiya. Ɗalibai, ku da za ku zama masu fassara da masu karanta labarai da sakatarorin ƙananan hukumomi, ku sani cewa jimlar da kuka rubuta za ta isa wani ɗaki a Tattarawa ko Kwa ko Dawanau inda wani dattijo yake kwana a jingine, iyalinsa suna shawarar ko su faɗa ko su yi shiru. Ku rubuta ta yadda za su faɗa. In kuma kun koma gida yau, akwai mai hawan jini ko mai jego a danginku, ku wuce "yaya jiki", ku tambaye shi yadda ya kwana, a kwance ko a zaune.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyaye mu daga annoba.